Turmin da Muka Ƙarasa a Bayan Lugu

Ni ba ɗan masassaƙa ba ne. A gidanmu noman hatsi aka sani, ni kuma lakwal, wato makarantar boko, ta ɗauke ni ta mai da ni malamin dabbobi, ina yawo a kan moto, wato babur, daga ruga zuwa ruga ina yi wa shanu allura. Da girmana na shiga aikin katako, bayan an dawo da ni Dogon Dutsi, kuma dalilin bai wuce ƙofar ɗakina da ta ƙi rufuwa ba. Na je aron zarto wurin maƙwabcina, wani tsohon malamin lakwal da ya ajiye aiki, wanda duk unguwa ke kira Mushe, yadda ake kiran malami da Faransanci. Ya ba ni zarton, ya biyo ni ya ga yadda nake yanka, ya karɓe ya nuna mini. Daga ranar sha'awar abin ta kama ni.

Mushe yana da rumfar kwano a bayan gidansa, da teburin aiki wanda ya haɗa da hannunsa, ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta har sai da aka tokare ta da guntun bulo. Duk Asabar da hantsi a nan muke haɗuwa, mu huɗu. Akwai Alhaji, mai shagon atamfa, wanda ya fi mu duka kayan aiki, ya kuma fi mu duka rashin sanin yadda ake riƙe su. Akwai Sakatare, ma'aikaci a wani ofishi cikin gari, wanda ya koyi aikin daga kallon bidiyo a waya, kuma ba ya gama zance sai ya jefa Faransanci a ciki. Ba sana'a muke yi ba. Kafintocin kasuwa dariya suke mana in sun ga kujerun da muke haɗawa, matanmu kuwa sun gaji da karɓar akwatunan da murfinsu ba ya zama daidai.

Muna da ƙa'ida guda. Duk wanda ya samu sabon kayan aiki ba ya fara amfani da shi a gidansa, sai ya kawo rumfa tukuna. A ɗora a tebur, kowa ya ɗauka ya jujjuya, ya gwada a guntun katako, ya faɗi ra'ayinsa, sa'an nan abin ya zagaya gidajenmu ɗaya bayan ɗaya. Ranar da Alhaji ya zo da injin huda katako mai batir daga Kamba, babu abin da bai huda ba, har bencin da muke zama. Sakatare ya taɓa tsinto abin goge katako a cikin kayan gwanjo, wanda kafintocinmu ke kira rabo, Mushe ya yi ta tsokanarsa wai shi kaɗai ne mutumin da ya sayi rabonsa a kasuwa. Ni dai abin da nake kawowa bai taka kara ya karya ba: yau dutsen wasi, gobe 'yan ƙusoshi masu kyau. Ba wanda ya taɓa goranta mini, amma ina so wata rana ni ma in ajiye abin da zai sa a yi shiru.

A ƙarshen zagayen allura na wata shekara, zafi ya fara shigowa, na biya ta wata ruga can wajen Lugu. Mai rugar wani dattijon Bafulatani ne da muka daɗe tare, ina kiransa Baffa, shi kuma yana ce mini Likita. Ya saba sallamata da nono ko ƙwan zabi. A ranar sai ya shiga bukka ya fito da wani ƙunshi na fatar akuya, an ɗaure da igiyar kaba, ya ajiye a gabana. Da na kwance sai na ga gizago biyu, babba da ƙarami, da kurfi mai doguwar ƙota irin na rarake cikin turmi, da wata lanƙwasasshiyar wuƙa. Ƙotocin sun yi baƙi wulik, suna sheƙi saboda daɗewa a hannu.

Baffa ya ce kayan wani tsohon masassaƙi ne da ke zaune shi kaɗai a bakin kwari, ba nisa da su. Suna kai masa nono, shi kuma yana yi musu akushi da muciya. Ya rasu a ƙarshen damina, babu wani nasa da ya zo, bukkarsa ta rushe, shi ne ya kwashe kayan kada tsatsa ta ci su.

"Mu ba mu sassaƙa, Likita," in ji shi. "An ce mini kai kana wasa da itace. Ka tafi da su."

Na yi godiya har da rawar jiki. Ina ɗaure ƙunshin a bayan moto na lura matarsa tana tsaye can nesa tana kallona, ba ta matso mun yi sallama ba kamar yadda ta saba. Da na tayar da moto na waiwaya, sai na ga ta ɗauko tsintsiya tana share wurin da kayan suka kwanta.

Ranar Asabar na shimfiɗa fatar a teburin Mushe, kuma na samu shirun da nake so. Sakatare ya yi ta ɗaukar hoto yana yabo da Faransanci. Alhaji ya ce in ba shi babban gizagon ya ba ni injinsa, muka yi dariya. Mushe ne ya daɗe yana duba ƙotar a haske, ya nuna mana inda yatsu suka cinye itacen, ya ce mai kayan nan bahago ne. Ya gwada kaifin a farce, ya girgiza kai, domin ƙarfen da ya yi watanni a ajiye bai kamata ya yi wannan kaifi ba. Muna da wani kututturen gawo da muka daɗe muna fama da shi. Mushe ya kai masa sara, sassaƙe ya tashi kamar ana ɓare rogo. Kowa ya gwada, kowa ya ji daɗin hannunsa. Muka bar kayan a rumfa, Mushe ne zai fara riƙe su.

Da muka sake haɗuwa sai Mushe ya ba mu labari yana dariya. Ranar Juma'a, maza duk suna masallaci, matarsa ta ji ana sara a rumfa. Sara a natse, ɗaya bayan ɗaya, irin na wanda ya san aikinsa. Ta zaci shi ne aikin katako ya ɗauke wa hankali har ya bar salla, ta taso za ta yi masa magana. Tana isa bakin katanga saran ya tsaya. Ta leƙa, babu kowa, kaji ne kawai kwance a inuwa. Mushe ya ce kwano ne ke ƙara in rana ta dake shi, shi ma yakan ji. Duk muka yarda. Amma da za mu tashi sai ya naɗe fatar da kansa ya miƙa wa Alhaji, alhali lokacin riƙonsa bai cika yadda muka saba ba.

Alhaji bai jira Asabar ba. Tsakiyar mako ya zo gidana da kansa, ya ajiye ƙunshin a zaure, ya ƙi zama. Da na matsa masa sai ya ce ya ɗauki ƙaramin gizagon zai gyara ƙotar fartanya, yana cikin aiki ya farga da hannun hagu yake sara, kuma saran yana tafiya daidai. Shi kuwa tun da aka haife shi ko cokali bai taɓa riƙewa da hagu ba. Da na gaya wa Sakatare sai ya ce ai ba abin mamaki ba ne, ƙotar ce ta lanƙwashe ta wajen hagu, hannu kuma yana bin abin da ya fi masa sauƙi. Maganarsa ta yi ma'ana. Duk da haka ban shigar da kayan ɗaki ba, na mayar da su rumfar Mushe na rataye a jikin ginshiƙi.

Asabar ɗin da ta biyo baya zafi ya kai maƙura. Mun yi ɗan aiki kaɗan muka zauna, Sakatare ya ɗora shayi a gawayi. Rana ta take tsaka, gari ya yi tsit, ko kukan jaki babu. Gidan Mushe yana da ƙaramar ƙofa ta baya da ke fita wani dogon lungu. Ta nan muka ji sallamar mace.

Mushe ya amsa ya ce a shigo. Wata tsohuwa ce, doguwa ƙwarai, siririya, da baƙin zane na saƙi irin wanda rabona da ganinsa tun kakata tana da rai. Ba ta shigo inuwa ba. Ta tsaya a rana, ƙafarta ba takalmi, a kan rairayin da ni ko da takalmi sai na yi sauri nake ratsa shi. Ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi gida da iyali, da tsohuwar Hausar Arewa irin ta ƙauye. Mushe ya ɗebo ruwa a randa ya miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta ajiye moɗar a ƙasa ba ta sha ba.

"An ce mini kayan masassaƙi wajenku suke," in ji ta. Ba ta dubi ginshiƙin da suke rataye ba, mu take kallo. "Ya sare mini ƙirya, ya hwara turmi, bai ida ba."

Mushe ya yi mata bayani cikin ladabi. Ya ce mu ba masassaƙa ba ne, 'yan sha'awa ne kawai, ko akushi ba mu taɓa yi ba. Alhaji ya ce in turmi take so, akwai masu kyau a kasuwa, shi zai saya mata a kai mata har gida. Ta saurare shi har ya gama.

"Ba na kasuwa nika biɗa ba, ɗana. Wanda anka hwara nika biɗa. Wanda ad da kaya, shi ad da aiki."

Ta kwatanta mana inda itacen yake, bayan rusasshiyar bukkar, gindin wata sabara. Ta ce tana so kafin ruwa ya sauka. Ta yi mana addu'ar a tashi lafiya, ta juya ta fita ta inda ta shigo.

Sakatare ne ya fara motsi. Ya bi ta zuwa ƙofa ya leƙa, ya daɗe a can, ya dawo ya ce ba kowa a lungun, ƙila ta shiga wani gida. A lokacin ne muka ji ƙauri. Shayin ya ƙone ƙurmus, ruwan ya ƙafe, sukari ya manne a gindin buta, gawayin ma ya zama toka. A ganinmu tsohuwar ba ta yi tsayuwar da za a ce an daɗe ba. Mushe ya ɗauki moɗar da ta ajiye ya zubar da ruwan a gindin katanga.

Bayan mun yi salla muka zauna shawara, kuma ban taɓa ganin mun saɓa kamar ranar ba. Alhaji ya ce kowa ya san abin da ya gani, ba sai an kira suna ba, mu 'yan Arewa ne, tun muna yara ake hana mu yawo da tsakar rana saboda doguwa. Shi ba zai yi wa iska aiki ba, a mayar da kaya inda aka ɗauko su, a rufe zancen. Sakatare ya ce tsohuwar ƙauye ce kawai, ta ji labari a ruga ta biyo mota, tsofaffin ƙauye kuwa tafin ƙafarsu ya fi takalmi ƙarfi. Na tuna masa ba ranar kasuwa ba ce, motocin wajen ba su shigowa, kuma Baffa bai san gidan Mushe ba. Ni kaina ban san abin da nake so ba. Ni na kawo kayan, kuma kunya ta ishe ni.

Mushe ya bari kowa ya gama. Ya ce shi bai san ko wace ce ba, kuma ba zai yi ƙaryar sani ba. Abin da ya sani shi ne mutum ya ɗauki alkawari ya mutu bai cika ba, mu kuma mun karɓi kayansa muna murna, wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. In mutum ce, mun taimaki tsohuwa. In ba mutum ba ce, mun rabu lafiya. Ba za mu yanka komai ba, ba za mu kira kowa ba, da bisimilla za mu fara mu gama. Alhaji ya tashi ya karkaɗe rigarsa ya ce Allah ya ba da sa'a, amma ban da shi.

Da sassafe ranar da za mu tafi, ina ɗaure kaya a moto sai ga Alhaji. Ya miƙo mini sabon magagari, ko ledarsa bai cire ba, da safar hannu ta fata. Ya ce cikin turmi yana son a goge shi sumul, in ba haka ba hatsi zai riƙa maƙalewa. Ya ƙara da cewa kada in ce shi ya bayar. Bai jira godiya ba ya wuce.

Mu uku muka tafi a moto biyu, na goya Mushe. Muka fara biyawa ta wurin Baffa. Na ba shi labari tiryan-tiryan ina kallon fuskarsa, ban ga alamar mamaki ba. Ya ce bai san wata tsohuwa mai wannan kama ba, kuma daga bukkar masassaƙin har ƙarshen kwarin babu gida ko ɗaya. Sai dai ya san tsohon yakan yi wasu kayan da ba a kai su kasuwa, in ya gama sai ya ajiye su a bakin kwari ya dawo, ba ya son a tambaye shi. Na ce masa me ya sa bai gaya mini wannan ba tun farko. Ya ce ai ban tambaya ba, kuma ya ga ni mutumin birni ne, ya zaci abin ba zai bi ni can ba. Ya nuna mana hanya da sandarsa, bai raka mu ba. Abin da ya ce kawai, in rana ta kusa tsaka mu bar aikin, ko mun gama ko ba mu gama ba.

Mun samu wurin yadda ta kwatanta. Bukkar ta zama tarin kara da ruɓaɓɓun sanduna. A gindin sabara ga kututturen ƙirya kwance, rairayi ya binne rabinsa. An riga an fitar da siffarsa ta waje, ƙugu da gindi, amma cikin bai wuce taƙi ɗaya ba. Sawun gizagon marigayin yana nan a jikinsa, a jere kamar kitso. Muka tono shi muka tayar. Mushe ya yi bisimilla ya kai saran farko.

Wanda bai taɓa saran busasshiyar ƙirya ba bai san itace ba. Kayan suna da kaifi, amma hannuwanmu na masu biro ne. Kafin hantsi ya ɗaga tafin hannuna ya yi bororo, Sakatare ya cire riga yana haki, Mushe kuwa sai ya yi sara kaɗan ya zauna. Muna karɓa-karɓa, ɗaya na sara, ɗaya na kwashe sassaƙe, ɗaya na hutawa. Da inuwa ta fara gajarta muka tattara muka tafi. Cikin turmin bai ƙaru da abin kirki ba, muka gane aikin ba na rana ɗaya ba ne.

Haka muka yi ta komawa duk Asabar. A zuwanmu na biyu muka tarar an share wurin. Tarin sassaƙen da muka bari babu ko ɗaya, rairayin kewaye da turmin yana ɗauke da sawun tsintsiya, lafiyayye, irin sharar tsakar gida. A zuwa na gaba kuma, ban da sharar, sai ga ƙwarya a inuwar sabara an rufe da faifai. Mushe ya ɗaga faifan. Fura ce, damammiya, na taɓa jikin ƙwaryar na ji sanyi kamar yanzu aka ɗauko ta daga gindin randa. Ƙishirwa kuwa tana damunmu. Mushe ya mayar da faifan, ya ce da ɗan ƙarfi an gode, Allah ya saka, amma mun zo da ruwanmu. Da muka biya ruga na tambayi Baffa ko matansa ne. Ya ce matansa ko itacen girki ba su ɗiba a wajen. Daga ranar Sakatare ya daina kawo mana bayani, ya daina ɗaukar hoto, aikinsa kawai yake yi.

Ranar ƙarshe gajimare ya fara taruwa ta gabas, iska tana ɗauke da ƙanshin ruwa daga nesa. Saura kaɗan mu gama, gindin ciki ne kawai ya rage a daidaita a goge. Inuwa ta gajarce, na tuna wa Mushe maganar Baffa. Ya dubi sama, ya dubi turmin, ya ce in muka tafi ba lalle mu samu hanya mako mai zuwa ba, ruwa na iya cika kwarin. Muka ci gaba.

Ina durƙushe na zura hannu cikin turmin da magagarin Alhaji, Sakatare yana riƙe da shi kada ya motsa, Mushe yana gefena. Kurciyoyin da ke kuka tun safe suka yi shiru gaba ɗaya. Iskar ta ɗauke. Ba abin da nake ji sai ƙarar magagari da numfashina. Sai wata inuwa ta sauko a kan turmin, ta rufe hannuna, ta wuce har kan rairayin da ke gabanmu. Doguwa ce, siririya, daga bayanmu ta taso. Na dubi tawa inuwar, tana dunƙule a ƙarƙashina kamar yadda ya kamata a wannan lokaci. Ta sabarar ma haka.

"Kada wanda ya waiwaya," in ji Mushe, can ƙasa-ƙasa. "Likita, ci gaba da aikinka."

Na ci gaba. Ban san yadda hannuna ya yi biyayya ba. Mushe yana karanta abin da ya sawwaƙa a hankali, bai tsaya ba. Ba a yi mana magana ba, ba a taɓa mu ba. An dai tsaya a kanmu ana kallo, kamar yadda uwar gida ke tsayawa a kan mai yi mata aiki. Na goge har na ji cikin ya yi santsi a tafin hannuna, na kwashe garin itacen, na ce wa Mushe na gama.

Ya dafa kafaɗata ya miƙe, fuskarsa na kallon gaba. Turmin bai yi kyau ba. Wajensa aikin gwani ne, cikinsa aikinmu, bakin ma ya ɗan karkace ta gefe ɗaya.

"Inna, ga aikinki," in ji shi. "Iyakar iyawarmu ke nan. Ki yi haƙuri da bakin."

Ban ga lokacin da inuwar ta janye ba. Na dai ga rana a kan hannuna, can kuma wata kurciya ta yi kuka. Mushe ya ce in naɗe kayan masassaƙin in sa a cikin turmin. Na ɗan yi jim, domin ban taɓa mallakar abu mai kyau kamarsu ba, kuma na san ba zan ƙara ba. Na naɗe su a fatarsu, na ɗaure da igiyar kabar, na ajiye. Muka taka zuwa inda motocinmu suke ba wanda ya juya. Ba mu kai Dutsi ba ruwan farko ya same mu a hanya, muka shiga gari jiƙe sharkaf.

Sakatare ya kwanta zazzaɓi bayan nan. A asibiti aka ce na sauro ne, aka ba shi magani ya warke. Ba da daɗewa ba aka mayar da aikinsa Tibiri, kuma ban sani ba ko shi ya nema. Yakan zo mana jefi-jefi, yana nan da Faransancinsa, amma ko da wasa bai taɓa ɗauko zancen ba. Alhaji ya dawo rumfa kamar ba a yi komai ba. Na kai masa magagarinsa ya ce in riƙe, bai tambaye ni yadda aka ƙare ba, ni ma ban gaya masa ba. Matar Mushe ba ta sake jin sara ba.

Bayan kaka aiki ya sake kai ni wajen. Baffa ya tashi da shanunsa ya yi kudu, sai kufan ruga na tarar. A hanyar dawowa motona ya nutse cikin rairayi kusa da bakin kwarin, ya mutu, ga rana a tsakiyar kai. Na sauka ina turawa. Daga inda nake ina hango sabarar. Babu turmi a gindinta, babu ƙunshi. Na ce a raina wani mai wucewa ya samu rabonsa. Ina cikin haka sai na ji daka daga cikin kwarin, can ƙasa inda babu gida. Taɓarya ɗaya ce, tana sauka a natse, kuma lokaci-lokaci mai dakan takan jefa ta sama ta tafa hannu ta cafe, yadda matan da suka ƙware ke yi. Na tsaya ina saurare har gumi ya bushe a jikina. Ban leƙa ba. Na tura moton har ya hau ƙasa mai tauri, ya tashi a bugu ɗaya.

Mushe kaɗai na gaya wa, da yamma a ƙofar gidansa, yana gyara ƙafar tabaraunsa da zare. Bai ɗago ba har na gama. Sai ya tambaye ni yadda ƙarar take, ko da alamar tsagewa a cikinta, domin tun ranar yana tsoron mun rarake gindin da yawa. Na ce a'a, ƙarar cikakkiya ce, tana da nauyi. Ya gyaɗa kai, ya sa tabaraun ya gwada, ya cire ya ci gaba da ɗaurinsa.